Yadda ake zaɓar na'urar auna iska mai aiko da rahoto daga nesa

Wanda ke da gona a Kadawa ko Auyo amma yana kwana a Kano ko Haɗejia, tambayar da yake yawan yi wa mai gadi ta waya ita ce, "Akwai iska?" Amsar kuwa ba ta wuce "akwai kaɗan" ko "yau da ƙarfi take." Da wannan amsa ake yanke shawarar a yi feshi ko a fasa, a rufe rumfar leda ko a bar ta, kuma kuɗi masu yawa na iya tafiya a kan kalmar "kaɗan." Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, tana auna iska a tashoshinta, kamar wadda ke filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, sai dai iskar filin jirgi daban take da iskar fadamar da ke bayan layin darbejiya a Bunkure. Shi ya sa manyan gonaki, ƙungiyoyin manoma, makarantu da masu girka sola suka fara neman na'urarsu ta kansu, wadda za a kafa a fili ta riƙa turo lambobi zuwa waya ko kwamfuta.

Abin da zan fi nanatawa shi ne, kan na'urar da ke juyawa a saman sanda shi ne ɓangaren da ya fi sauƙin zaɓa. A karkarar Kano da Jigawa abin da ke kashe irin wannan aiki shi ne rashin sabis, mutuwar batir, ƙura, da kafa sanda a wurin da bai dace ba. Don haka kada ka fara da kallon hotunan kaya a intanet. Ka fara daga filin.

Mataki na farko: me kake son sani game da iskar?

Rubuta dalilinka a jimla ɗaya, domin shi zai nuna tsayin sanda, irin na'ura da yawan kuɗin da za ka kashe.

In don feshi ne, abin da ya dame ka shi ne iskar da ke kusa da amfanin gona a wannan sa'ar. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a yi feshi idan iska tana tsakanin kilomita 3 zuwa 15 a awa. Sama da haka maganin ciyawa zai bi iska ya sauka a kan tumatirin maƙwabci, kuma wannan rigima ce da kan kai mutane gaban dagaci. Idan iska ta tsaya cik ma ba a so, saboda ƙananan ɗigon maganin na rataye a sama su yi tafiya inda ba a aike su ba. Mai wannan buƙata sandar mita 2 zuwa 3 ta ishe shi, amma yana son lamba sabuwa, ta minti biyar ko goma da suka wuce.

In don kare gini ne, wato rumfar leda, ɗakin kaji, jerin fanel na sola ko rufin kwano, to bugun iska mafi ƙarfi kake nema. Hadarin farkon damina a nan yankin daga gabas yake tasowa, kuma iskar da ke gabansa tana isowa ne kafin ruwan, a cikin 'yan mintoci. Ƙarfin da iska ke danna bango ko fanel da shi yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da gudunta ya ninka sau biyu. Kana buƙatar na'urar da ke iya aiko da saƙon gargaɗi nan take idan gudun ya wuce iyakar da ka sa mata.

In kuwa tunaninka famfo mai farfela ne ko injin samar da wuta da iska, nan lissafin ya fi tsanani. Wutar da ake samu daga iska tana ninkuwa sau takwas idan gudun ya ninka sau biyu, saboda haka kuskuren mita ɗaya a sakan yana iya mayar da aiki mai riba ya zama asara. Dole a auna a tsayin da farfelar za ta zauna, kuma a auna shekara guda cur, ta yadda hunturu, bazara, damina da kaka duk za su shiga lissafi. Kada labarin tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina, mai injuna 37 da aka tsara su ba da megawat 10, ya sa ka ɗauka ko'ina a Arewa haka yake. Ƙananan injuna galibi suna son matsakaicin gudu na mita 4 zuwa 5 a sakan kafin su biya kuɗinsu, kuma wurare da yawa ba su kai nan ba a tsayin da talaka zai iya ɗaga sanda.

Akwai kuma masu dasa itatuwan kare kwararowar hamada a Maigatari, Babura, Sule Tankarkar da Birniwa. Su alkiblar iska ta fi musu muhimmanci, domin layin itatuwa yana aiki ne idan ya gitta wa iskar da ta fi yawan busawa. Yashi kan fara tafiya ne idan iska ta kai kamar mita 5 zuwa 6 a sakan.

Kafin mu wuce, ka riƙe lissafin awo. Mita 1 a sakan daidai take da kilomita 3.6 a awa, wato mita 10 a sakan kilomita 36 ke nan a awa. Zaɓi awo ɗaya ka koya wa duk ma'aikatanka shi. Na fi son kilomita a awa, don duk wanda ya taɓa hawa babur ya san ma'anarta.

Mataki na biyu: je filin da wayoyi

Wannan mataki ba ya cin komai sai kuɗin mai, amma shi ya fi kowanne amfani. Ka ɗauki layukan MTN, Airtel da Glo, ka je ka tsaya daidai inda kake son kafa sandar. Kada ka tsaya a bakin titi ko a ƙofar gidan gona. Duba ko 4G kake samu ko 2G kawai, ka gwada tura saƙo da buɗe shafi, da safe da kuma da yamma lokacin da mutane suka yi yawa a kan layi. In kana kusa da iyaka, kamar Maigatari, ka lura ko wayar tana tsallakawa ta kama sabis na Nijar. Idan na'ura ta yi haka za ta iya yin shiru ko ta cinye kuɗin layin.

Abin da ka gani zai zaɓa maka ɗaya daga cikin hanyoyin aikawa.

Idan akwai sabis mai kyau a wurin, na'ura mai ɗaukar sim ita ce mafi sauƙi. Ba ta cin data sosai, domin ko tana turo rahoto duk minti 10, sau 144 ke nan a rana, kuma kowanne 'yan lambobi ne. Amma ka tambayi mai sayarwa tambaya biyu. Shin tana aiki da 2G da 4G duka, a kan zangon da kamfanonin Najeriya ke amfani da shi? Da yawa daga cikin waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka ba sa kama layukanmu. Sannan, shin za ka iya sa sim ɗinka, ko sai nasu wanda ake biya da dala duk shekara? In naka ne, sai an yi masa rajista da lambar NIN kamar kowane layi, kuma wani ya ɗauki nauyin sa masa kuɗi, don layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani na rufe shi.

Idan filin ba sabis amma gidan gona ko ofishin ƙungiya yana da shi, sai a haɗa su da rediyo. Ƙananan tashoshin yanayi na gida suna da'awar kai saƙo kamar mita 100, masu inganci irin Davis Vantage Pro2 kuma har mita 300, duka a fili fetal ba abin da ya tare. Katangar ƙasa, rufin kwano da dawa mai tsayi suna rage wannan nisa ƙwarai, don haka ka raba abin da aka rubuta a kwali gida biyu. Don nisan kilomitoci akwai fasahar rediyo mai suna LoRa, wadda ke cin wuta kaɗan kuma ta dace da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Jigawa, muddin an ɗaga eriya sama. Nemi mai aiki a zangon megahaz 868. Mai 915 na Amurka ne, kuma yana shiga zangon da wayoyin salula ke amfani da shi a nan.

Idan nisan bai wuce 'yan ɗaruruwan mitoci ba, kada ka raina kebur. Tsarin aika saƙo ta kebur mai suna RS485 yana kai saƙo har mita 1,200. Sai dai a binne shi cikin bututun roba, saboda ɓeraye, garma da masu sha'awar jan ƙarfe.

Inda ba sabis ko kaɗan, saura biyu: tauraron ɗan'adam, wanda kuɗin watansa sai manyan hukumomi, ko na'urar da ke ajiye bayanai a cikinta a je a kwaso duk wata. Ga mai nazarin iskar shekara wannan ta biyun ta wadatar. Ga mai feshi ba ta da amfani.

Ko wace hanya ka ɗauka, kada ka sayi na'urar da ba ta da ma'adanar bayanai a jikinta. Sabis zai ɗauke, wannan ba makawa, kuma yakan ɗauke ne daidai lokacin hadari, lokacin da ka fi son sanin abin da ya faru. Na'ura ta gari tana ci gaba da rubutawa ta turo abin da ya taru idan layi ya dawo.

Mataki na uku: wuta

Sola da batir ne, ba wata hanya. Tambayi mai sayarwa wat nawa na'urar ke ci a matsakaici tare da ɓangaren aikawa. A ce wat 1 ne. A awa 24 za ta ci wat-awa 24. Batirin nan na bolt 12 mai amfiya-awa 7 da ake sa wa fitilu yana riƙe da wat-awa 84, amma in na dalma ne rabi kawai ake so a sha, wato 42. Ka ga bai kai kwana biyu ba. In kana son ta jure kwana biyar na hazo ko na marka a watan Agusta, sai mai amfiya-awa 20, da fanel mai wat 20 ko fiye.

Zafi shi ne maƙiyin batir. A Afrilu da Mayu inuwa ma tana wuce digiri 40, cikin akwatin ƙarfe da rana ke duka kuwa ya fi haka nesa. Batirin dalma yana rasa kusan rabin rayuwarsa a duk ƙarin digiri 10 sama da 25. Batirin litiyam nau'in LiFePO4 ya fi juriya, kuma in hali ya yi shi za ka nema. Akwatin ya zama fari, a rataye shi a inuwar fanel ɗin. Fanel kuma a karkata shi kaɗan ya dubi kudu, a wurin da hannu zai kai, domin a hunturu sai an riƙa goge shi duk mako.

Mataki na huɗu: yanzu sai kan na'urar

Iri uku ne a kasuwa. Akwai mai kofuna uku da ke juyawa, tare da kibiya mai nuna alkibla. Akwai mai farfela a gaba da wutsiya a baya, kamar ƙaramin jirgin sama marar fiffike. Akwai kuma wadda ba abin da ke motsi a jikinta, tana auna iska da sautin da kunne ba ya ji, ta lissafa yadda iskar ke hanzarta shi ko jinkirta shi tsakanin ƙahonninta.

Mai kofuna ta fi araha, tana cin wuta kaɗan, kuma ko yaro ya ɗaga kai zai san tana aiki ko ta tsaya. Rauninta boris, wato ƙarfen da kofunan ke juyawa a kansa. Ƙurar hunturu, wadda iskar arewa maso gabas ke kwasowa tun daga kwarin Bodele a Chadi daga Nuwamba zuwa Maris, laushinta ya kai ta shiga ko'ina. Idan ta shiga boris, kofunan ba sa tsayawa gaba ɗaya, sai dai su yi nauyi, na'urar ta riƙa nuna maka ƙasa da gaskiya ba tare da ka sani ba. Wannan ya fi mutuwarta illa, domin za ka ga kilomita 12 a awa ka ba da umarnin feshi alhali iska tana 18. Don haka ka zaɓi wadda boris ɗinta rufaffe ne kuma ake iya sauya shi, ka sayi na ajiya tun ranar farko.

Mai sauti ba ta da boris, tana jin iska mai rauni sosai, kuma ba ta neman gyara akai-akai. Amma ta fi tsada, ta fi cin wuta, kuma in ta lalace babu mai gyara ta a Sabon Gari. Zanzaro da gizo-gizo ma suna son yin gida a tsakanin ƙahonnin. A ganina, in akwai mutum a wurin da zai riƙa dubawa, mai kofuna mai inganci ta isa. In wurin sai a yi wata uku ba a leƙa ba kuma sandar doguwa ce, a kashe kuɗin a sayi mai sauti.

A takardar bayanin kaya ka nemi waɗannan. Gudun da take fara ji ya kasance mita 0.5 a sakan ko kusa da haka, musamman ga mai feshi. Iyakar gudun da take aunawa ya kai mita 50 a sakan. Kuskurenta kada ya wuce kashi 5 cikin 100. Ta jure zafi har digiri 60. Akwatin lantarkinta ya kasance mai lambar kariya daga ƙura da ruwa ta IP65 ko sama, domin lambar 6 ɗin nan ita ce shaidar ƙura ba ta shiga. Robar jikinta ta zama mai jure hasken rana, in ba haka ba shekara biyu za ta yi ta fara marmashewa. Sannan ta riƙa ba da lambobi biyu daban: matsakaicin gudu na minti 10, da bugu mafi ƙarfi na sakan 3, kamar yadda masana yanayi ke yi a duniya. Wasu masu arahar suna leƙa iska ne sau ɗaya a kusan minti guda, bugun da ya yaye rufi zai iya wucewa a tsakani ba su gan shi ba.

Kuɗi hawa-hawa ne. Akwai kayan gida irin na Ecowitt, akwai matsakaita irin Davis da HOBO, akwai na ƙwararru irin Campbell Scientific da NRG da ke kai dubban daloli. Wanda zai kai lambobinsa banki ko wurin masu zuba jari yana buƙatar na sama, da takardar shaidar gwaji. Manomin shinkafa a Kura ba ya buƙatarta.

Mataki na biyar: inda za a kafa

Ƙa'idar Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ita ce a auna iska a tsayin mita 10 a buɗaɗɗen fili, kuma tazarar sanda da duk wani gini ko itace ta kai ninki goma na tsayin abin. Darbejiya mai mita 12 tana son ka matsa mita 120. A gonakinmu masu gawo da ɗorawa da mangwaro ba kullum ake samun haka ba. In ya gagara, ka fifita buɗe ɓangaren gabas da arewa maso gabas, inda hadari da hunturu ke fitowa, sai kudu maso yamma inda iskar damina ke fitowa. Kuma ka tuna da amfanin gonar kansa: sandar mita 2 da ke sarari a watan Yuni za ta nutse cikin dawa a Satumba.

Kada a ɗaura na'urar a kan rufin ɗaki ko a jikin tankin ruwa don sauƙi. Gini yana karkatar da iska ya sa ta yi ta juyi. In kana kwatanta lambobinka da na NiMet, ka sani iskar mita 2 a kan gajeriyar ciyawa kamar kashi uku cikin huɗu ce ta iskar mita 10.

Sanda ta zama bututun ƙarfe marar tsatsa, a dasa ta cikin kankare. Ta katako gara za ta ci. Ka sa mai walda ya yi mata maƙala a gindi yadda mutum biyu za su kwantar da ita su tayar, don ba wanda zai so hawa mita 10 duk bayan wata uku. A ɗaure ta da wayoyi uku ko huɗu, a kewaye su da shinge saboda shanu suna son soshe jiki a kansu. Sandar ƙarfe ita kaɗai a fili gayyatar tsawa ce, saboda haka a sa tsinin kariya a sama, a sauko da waya mai kauri zuwa sandar jan ƙarfe da aka binne a ƙasa. A ƙasa mai yashi irin ta arewacin Jigawa sai an nitsa ta sosai kafin ta kai danshi.

A jikin na'urar akwai alamar arewa. Saita ta da kamfas, kana tsaye nesa da sandar don ƙarfe na ruɗa kamfas ɗin waya. Ana kiran iska da inda ta fito: digiri 0 arewa, 90 gabas, 180 kudu, 270 yamma. In a watan Janairu na'urarka tana ce maka kullum iska daga kudu maso yamma take, an juya ta ne.

Maganar tsaro kuma ba a bar ta sai an yi sata. Fanel da batir kaya ne masu kasuwa. Ka je wurin mai unguwa ko dagaci kafin a dasa sanda, ka yi bayanin abin da take yi, ka nuna wa mutane lambobin a wayarka. Sandar da ba a san amfaninta ba takan jawo zargin ko kyamara ce ko wani abin leƙen asiri, yara kuma su mayar da kofunan abin gwajin danƙo. In maƙwabta suna amfana da rahoton, ko da ta zauren WhatsApp na ƙungiya ne, su za su riƙa sa ido.

Mataki na shida: manhaja da gwaji kafin biya

Ka sa mai sayarwa ya buɗe maka manhajar a wayarka, irin wayar da ma'aikatanka ke riƙewa. Duba ko mutum fiye da ɗaya zai iya shiga, ko tana tura gargaɗi ta saƙon tes ga mai ƙaramar waya, ko za ka iya sauke duk bayananka ka buɗe a Excel, da kuma nawa ake biya a shekara. Tambaye shi abin da zai faru da na'urar in ka daina biya. Wasu suna zama ƙarfen banza.

Idan kaya ya iso, haɗa shi a tsakar gida ya yi mako guda kafin a kai daji. Cire fanel ka ga kwana nawa batir zai yi. Cire sim na awa biyu ka mayar, ka ga ko giɓin ya cike. Sayi ƙaramar na'urar auna iska ta hannu, ba ta da tsada, ka riƙa kwatanta su a tsayi ɗaya. Ido ma yana taimakawa: in iska ta fara ɗaga ƙura da takardu, tana tsakanin kilomita 20 zuwa 28 a awa, in manyan rassa suna kaɗawa ta kai 40. Na'urar da ke nuna 8 a irin wannan lokaci tana da matsala.

Bayan an kafa, a rubuta ranar, tsayin sanda da abin da ke kewaye da ita a littafi, a ɗauki hoto ta fuska huɗu. A kwantar da sanda sau biyu a shekara aƙalla: a ƙarshen hunturu don share ƙura da duba boris, sai kafin faɗuwar damina don ɗaure wayoyi da duba hanyar tsawa. Gwajin boris mai sauƙi ne. A cikin ɗaki, ka juya kofunan da yatsa ka saurara. Mai lafiya yana juyawa shiru ya daɗe, ya tsaya a hankali. In ka ji ƙara kamar yashi a ciki ko ya tsaya farat ɗaya, a sauya shi a ranar, a kuma rubuta a littafin cewa lambobin makonnin da suka gabata suna iya zama ƙasa da gaskiya.